Daga Dandali Zuwa Dandamali: Tarihin Labulen da Ya Raba Ɗan Wasa da Ɗan Kallo

Gabatarwa

A cikin shekarar 1990, lokacin Gombe tana ƙarƙashin Jihar Bauci, mu kuma muna aji biyar a wata makarantar firamare da ke Jekadafari, aka sa mu yin wasan kwaikwayo ranar bikin ba da kyaututtuka. Makarantar ba ta da zauren taro, saboda haka sai aka share barandar ajin da ke tsakiya, aka ɗaura igiya tsakanin ginshiƙai biyu, aka rataya zannuwan gado guda uku da aka aro suka zama labule. A ƙasa cikin fili aka jera bencina sahu-sahu suna fuskantar baranda, a gaba kuma aka ajiye kujerun kushin guda biyar, ta tsakiyar ita ce ta babban baƙo. Mun yi mako uku muna gwaji kafin ranar, kuma dokoki biyu malaminmu ya fi nanatawa: kada ɗan wasa ya juya wa jama'a baya, kada kuma ya tanka wa kowa daga cikinsu, ko da mahaifiyarsa ce ta kira sunansa.

Wasan kuwa labarin wani ɗan kasuwa ne mai tauye mudu. Wani abokinmu ya fito a matsayin baƙauyen da ya zo awon gero, ɗan kasuwa ya riƙa auna masa da mudun da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Ana cikin awo sai goggonmu, wadda take zaune can baya cikin mata, ta ɗaga murya ta ce, "Kai ɗan nan, kifa mudun ka duba gindinsa!" Fili ya kaure da dariya. Baƙauye ya ƙame, idonsa a kan buhu, domin an hana shi ji. Hedimasta ya tashi da kansa ya je wurinta, ya russuna ya ce, "Goggo, a yi haƙuri, ba a magana idan ana wasa." Ta ja mayafinta, ba ta sake cewa uffan ba har aka tashi. A hanyarmu ta komawa gida ta tambaye mu, wane irin wasa ne wannan da za a cuci yaro a gaban mutum a ce kada ya tanka?

Tana da hujja. A cikin azumin wannan shekarar, yaron nan da kansa ya zo tashe ƙofar ɗakinta da gemun auduga, ta tsokane shi ya rama, ta gyara masa waƙa ya karɓa, sa'an nan ta ba shi hatsi. Yaro ɗaya ne, goggo ɗaya ce, amma igiya da zannuwa uku sun shiga tsakaninsu. Manufar wannan muƙala ita ce bin diddigin wannan igiya: inda aka fara ɗaura ta, da dalilin ɗaura ta, da hanyar da ta biyo har ta iso barandar makaranta a Jekadafari. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, wannan tsari na dandamali gini ne mai ranar haihuwa da ubangida, kuma ɗaukar da muka yi masa a matsayin shi ne wasan kwaikwayo kansa ta jawo mana asarar da ya kamata mu ƙididdige.

Siffar Dandamali Mai Baka

Tsarin da muke magana a kai shi ne wanda Turawa suke kira firosiniyam. Mu a nan za mu kira shi dandamali mai baka, bisa aron kalmar maginan Hausa, waɗanda suke kiran lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin soro baka, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Idan mutum ya shiga irin wannan gidan wasa zai tarar ɗakuna biyu ne aka haɗa, aka huda bangon da ke tsakaninsu da wata ƙatuwar ƙofa. Wannan ƙofa ita ce bakan, kuma a jikinta ake rataya babban labule. A ɗaki na farko 'yan kallo suke zama, dukkansu suna fuskantar gefe guda. A ɗaki na biyu, wanda aka ɗaga daɓensa sama, 'yan wasa suke. Dama da hagu na dandamalin akwai lunguna da ɗan kallo ba ya gani, inda 'yan wasa suke laɓewa kafin fitowarsu, ake kuma ajiye kayan wasa. A sama akwai fili mai tsawo inda ake janye zane-zanen bango da igiyoyi a sauko da wasu. Can ƙurya akwai babban ƙyalle da aka zana daji ko gari ko fada a jikinsa. Ɗan abin da ya yi saura na daɓen a gaban labule shi ne leɓen dandamali, a ƙarƙashinsa kuma, a manyan gidaje, akwai rami inda makaɗa suke zama.

Hikimar ginin duka ɓoyewa ce. Bakan yana rufe igiyoyi da fitilu da ma'aikata, ya bar wa ido hoto guda tsaf, kamar hoton da aka sa a firam aka rataya a bango. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin dokokin malaminmu: mutumin da ke cikin hoto ba ya juya baya, kuma ba ya amsa sallama.

Daga Atina Zuwa Parma

Kalmar ta Girkawa ce, amma ginin ba nasu ba ne. A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen Atina suna kallon wasanninsu a fili ne, da rana, a gefen tsauni. 'Yan kallo suna zagaye fiye da rabin wani da'irar fili inda 'yan amshi suke rawa da waƙa. Bayan filin akwai wata 'yar rumfa ta sauya tufafi da suke kira skene, wurin da ke gabanta kuma daga baya aka kira shi proskenion, wato gaban rumfa. Gidan wasa na Epidaurus, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ɗaukar mutum wajen 14,000, kuma babu baka, babu rufi. Rumawa sun ɗaga bangon bayan dandamali suka ƙawata shi da ginshiƙai da ƙofofi, amma su ma ba su sa wasan a cikin firam ba.

Abin da ya haifi bakan ya fito ne daga wurin masu zane na Italiya. A farkon ƙarni na 15, Filippo Brunelleschi na birnin Florence ya nuna dabarar zanen nisa, a 1435 kuma Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idojinta, inda ya kwatanta hoto da buɗaɗɗiyar taga. Dabarar ita ce abin da ke kusa ya yi girma, na nesa ya ƙanƙance, layuka duka su tafi su haɗu a ɗigo ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Gombe ya hangi yadda ƙarafan dogo biyu suke matsowa kusa da juna har su zama ɗaya a can nesa, ya ga abin da ake nufi. A 1545 Sebastiano Serlio ya buga littafin da ya nuna yadda za a yi amfani da wannan dabara a dandamali, ya zana fage iri uku: titin fadoji don wasan ban tausayi, titin talakawa don wasan ban dariya, da daji don wasan makiyaya. Har daɓen dandamalin ma sai aka riƙa karkata shi, ƙurya ta fi gaba tudu, don a ƙara yaudarar ido.

A birnin Vicenza, Andrea Palladio ya fara gina gidan wasa na Olimpico a 1580, shekarar da ya mutu, Vincenzo Scamozzi ya ƙarasa shi, aka buɗe a 1585 da wasan Sarki Oedipus na Sophocles. Bangon bayansa irin na Rumawa ne, sai dai ta cikin ƙofofinsa ana hango tituna na katako da aka gina bisa dabarar zanen nisa, waɗanda ake gani kamar sun yi tafiya mai tsawo alhali taku kaɗan ne. Masana sun saɓa a kan ko babbar ƙofar tsakiya ta irin wannan bango ce aka faɗaɗa ta zama baka, ko kuwa firam ɗin hoto aka kwaikwaya. Abin da aka fi haɗuwa a kai shi ne, mafi daɗewar baka na dindindin da ya rage shi ne na gidan wasan Farnese a birnin Parma, wanda Giovanni Battista Aleotti ya gina wa Ranuccio na Ɗaya, mai mulkin Parma, a 1618. Ba a yi wasa a cikinsa ba sai a 1628, wajen bikin auren ɗan gidan, kuma daga nan har 1732 amfanin da aka yi da shi bai kai sau goma ba. Bom ya rushe shi a 1944, aka sake gina shi daga 1956.

A nan akwai abin lura. Zanen nisa ba ya daidaita sai daga wuri guda. Wanda ya zauna a gefe zai ga tituna sun karkace, gidaje sun jirkice. Kujera ɗaya ce tak ake ganin komai daidai daga kanta, ita ce ta tsakiya da ke fuskantar ɗigon da layuka suka haɗu, kuma a nan ake zaunar da mai gari. Nicola Sabbattini, a littafinsa na 1638 kan gina fage da na'urorin gidan wasa, ya yi bayanin yadda za a zaɓi wannan wuri, Faransawa kuma suka riƙa kiransa idon yarima. A Ingila, inda Inigo Jones ya shigo da tsarin cikin wasannin fada tun daga 1605, darajar bafade tana bayyana ne daga kusancin kujerarsa da ta sarki. Ke nan kujerar kushin ta tsakiya da aka ajiye wa babban baƙo a makarantarmu tana da kakanni.

Yadda Aka Rufe Bakin Ɗan Kallo

Kada a ɗauka da zarar an gina baka sai Turawa suka yi tsit. A gidan wasa na Globe da aka gina a Landan a 1599, inda aka yi wasannin Shakespeare, dandamalin ya kutso ne cikin jama'a, suna tsaye ta gefe uku, suna ci suna sha suna tanka wa 'yan wasa. Ko bayan da tsarin Italiya ya bazu, musamman daga 1637 da aka buɗe gidan San Cassiano a Venice inda kowa zai biya kuɗi ya shiga, masu hali suna sayen kujeru a kan dandamalin kansa, su zauna gefen 'yan wasa don a gan su. Sai a 1759 aka kawar da waɗannan kujeru daga babban gidan wasan Faris, David Garrick kuma ya yi haka a Drury Lane na Landan a 1762.

A daidai wannan lokaci ne, a 1758, Denis Diderot ya shawarci 'yan wasa da su ƙaddara akwai bango a bakin dandamali, su yi wasa kamar ba a ɗaga labule ba. Wannan shi ne abin da aka sani da bango na huɗu: ɗaki mai bango uku na gaske, na huɗun kuma ɗan kallo yana gani ta cikinsa amma ɗan wasa ba ya ganin waje. Ƙarni na 19 ya ƙarasa aikin da taimakon fitila. A 1876 Richard Wagner ya buɗe gidan wasansa a Bayreuth ta Jamus, ya nutsar da makaɗa cikin rami, ya dushe fitilun ɓangaren 'yan kallo. A 1880 aka zagaye bakan gidan Haymarket na Landan da firam mai ruwan zinariya ta kowane gefe, a 1881 kuma gidan Savoy ya koma amfani da lantarki. Daga nan ɗan kallo ya zama mai leƙe a cikin duhu, wanda ladabinsa shi ne shiru, aikinsa kuma tafi idan an sauke labule.

Idan muka lissafa daga 1618 zuwa 1880, za mu ga Turawa sun shafe shekara fiye da 260 kafin su koyar da kansu wannan shiru. Goggonmu kuwa a yini ɗaya aka nemi ta koya.

Abin da Baƙon Ya Tarar

Kafin zuwan wannan tsari, ƙasar Hausa tana da wuraren wasanta. Akwai dandali, inda samari da 'yammata suke haɗuwa da farin wata. Akwai ƙofar fada, da bakin kasuwa, da tsakar gida, da zaure. A cikinsu ake yin tashe daga goma ga watan azumi, inda yara suke kwaikwayon mai magani a Jatau Mai Magani, ko su tsokani gwauro. A cikinsu ake wasan gauta, inda matan fada suke shiga kamannin sarki da hakimansa, su kwaikwayi maganarsu da tafiyarsu da yadda suke shari'a, sarki yana kallo yana gane abin da ake nuna masa. Bayan kaka samari suna yin kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu. Ga 'yan kama masu kwaikwayon malamai da zancen abinci, ga 'yan gambara, ga masu wasan 'yartsana.

Siffar da ta haɗa waɗannan wasanni ita ce da'ira. Jama'a ne suke yin bangon da jikinsu, su matsa idan wasa ya buƙaci fili, su matso idan murya ta yi ƙasa. Haske ɗaya ne a kan kowa, ko na rana ko na wata ko na aci-balbal. Ɗan wasa yana da baya ta kowane gefe, don haka juyawa yake yi ba ya tsayawa. Ɗan kallo kuwa yana amshi, yana tafi, yana gyara, yana liƙi, idan abin ya yi masa daɗi ya faɗa fage. Ba a ɓoye cewa kwaikwayo ake yi: kowa ya san gemun auduga ne, kuma sanin hakan ba ya rage daɗin wasa. Ba muna cewa da'irar nan ba ta san girma da muƙami ba, domin a ƙofar fada kowa ya san mazauninsa. Amma ko a can, wanda ke baya yana da baki.

Hanyar da Ya Biyo

Ta bakin teku baƙon ya fara sauka. A Legas, zauren tunawa da Glover, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 19, ya zama wurin kiɗe-kiɗe da wasanni irin na Ingila, a cikinsa aka fara nuna fim a Nijeriya a 1903, a cikinsa kuma Hubert Ogunde ya nuna wasansa na farko a 1944. Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe gidan wasanta mai baka a 1955.

A Arewa kuwa makaranta ce ƙofarsa. Bayan yaƙin Burmi na 1903 a ƙasar Gombe, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, mulkin Turawa ya zauna, makarantun boko suka biyo baya: ta Ɗan Hausa a Nasarawar Kano a 1909, Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920. Ajin boko kansa ƙaramin dandamali ne, domin malami da allo suna gaba, yara suna jere suna fuskantarsu, saɓanin makarantar allo inda almajirai suke zagaye malam ko wutar ƙiskali. A 1930 R. M. East ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa domin 'yan makaranta, wanda ake lissafawa a matsayin rubutaccen wasan kwaikwayo na farko a harshen. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, yana sukar zalunci da cutar talakawa, a 1942 kuma aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci, makarantar da yaran lardin suke zuwa, har da na Gombe. Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa a 1949, Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, Mohammed Sada ya fitar da Uwar Gulma a 1968, Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano suka fitar da Tabarmar Kunya a 1969. Waɗannan littattafai sun shiga manhaja, malaman da suka karanta su suka bazu cikin larduna, suka tafi da kashi da fitowa da labule duk inda aka tura su. Inda babu zaure sai baranda, inda babu labule sai zanen gado.

Hanya ta biyu ita ce majigi da silima. Motar majigi tana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin kasuwa, jama'a su zauna gefe guda cikin duhu suna kallon finafinan tsabta da noma, irin su Baban Larai na shekarun 1950. A Kano an buɗe silimar Rex a 1937. Gidan talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, daga baya ya kawo su Samanja da Karambana cikin ɗakunan mutane, a 1990 kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Allon silima da akwatin talabijin da fuskar wayar hannu duk jikokin bakan Parma ne: kusurwa huɗu, ido ɗaya, da duniyar da ba ta jin mai kallo.

Riba da Asara

Adalci ne mu faɗi abin da muka samu. Dandamali mai baka ya ba marubuci ikon tsara labari mai tsawo, ya kai mu daga kasuwa zuwa kotu zuwa ɗakin amarya da jan labule kawai. Ya ba da damar a ji ƙaramar murya da raɗa, a ga motsin fuska, a sarrafa haske. Ya sa ana iya tsayawa a ƙofa a karɓi kuɗin shiga. Ya kuma ba matasa irin Malam Aminu Kano wurin da za su tsaya su faɗi abin da ba ya faɗuwa a fada, manya suna zaune a sahun gaba, ladabin zaure ya hana su katse magana.

Asarar kuwa ta fi shafar tunani. Da muka karɓi ginin sai muka karɓe shi a matsayin ma'auni, duk abin da ba shi da rubutu da labule da 'yan kallo masu shiru ya zama wasan yara ko al'ada kawai. A 1970 Ruth Finnegan ta bayyana ra'ayin cewa wasan kwaikwayo bai bunƙasa sosai a adabin bakan Afirka ba, masana irin su Ossie Enekwe suka yi jayayya da irin wannan ra'ayi, suna nuna cewa da mudun wani aka yi awon. Har yau idan muka tambayi ɗalibanmu yaushe wasan kwaikwayon Hausa ya fara, da yawansu 1930 suke cewa, alhali abin da ya fara a 1930 shi ne buga shi a littafi.

Komawa Dandali

Abin mamaki shi ne, a lokacin da muke ɗaura zannuwa a baranda, masu abin sun daɗe da fara kwance nasu. Margo Jones ta buɗe gidan wasa mai da'ira a Dallas ta Amurka a 1947, Tyrone Guthrie ya dawo da dandamalin da ke kutsawa cikin jama'a a Stratford ta Kanada a 1953, Bertolt Brecht a Jamus ya sa 'yan wasansa suna yi wa jama'a magana kai tsaye, Augusto Boal na Barazil kuma ya gayyaci ɗan kallo ya hau fage ya sauya ƙarshen labari. A Afirka, Efua Sutherland ta gina gidan wasa mai siffar tsakar gida a Accra, aka buɗe a 1961. A Kenya mutanen ƙauyen Kamiriithu suka gina nasu a fili tare da Ngugi wa Thiong'o, suka yi wasa da harshensu a 1977, gwamnati ta tsare Ngugi a ƙarshen shekarar, ta kuma rushe wurin a 1982.

Misali mafi kusa da mu yana Samaru. A 1975 Michael Etherton ya jagoranci fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma maimakon a kwaikwayi Ibadan, sai shi da wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, Steven Ehrlich, suka dubi gidan Bahaushe. Aka gina gidan wasa da jar ƙasa, da hannun maginan gargajiya, ɗakuna masu rufin ciyawa suna kewaye da fili a tsakiya, yadda za a iya yin wasa a da'ira, ko a ɗakunan, ko a mayar da shi mai fuska ɗaya idan an so. An gama shi a daidai lokacin da ake kammala Babban Gidan Wasa na Ƙasa a Iganmu ta Legas a 1976, wanda aka kwaikwayo daga wani gini na birnin Varna a Bulgeriya domin bikin FESTAC na 1977. Daga wannan gida na ƙasa malamai da ɗalibai suka fita zuwa Soba a 1977 suka yi Wasan Manoma, inda manoma suka ga matsalolinsu a fage suka kuma sa baki. Abin da aka hana goggonmu a Jekadafari, shi jami'a take roƙon manoman Soba su yi shekara 13 kafin nan.

Kammalawa

Mun ga yadda dandamali mai baka ya tashi daga dabarar masu zane na Italiya, ya zauna a fadar Parma a 1618, ya ɗauki ƙarnuka kafin ya rufe bakin ɗan kallo, sa'an nan ya iso mu ta makaranta da majigi. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996, aka kuma kafa jami'ar jihar a 2004, an gina zaurukan taro da dama a makarantu da ma'aikatu, kuma kusan duk wanda muka shiga fasalinsa ɗaya ne: tudu a ƙurya, kujeru a jere, wuri na musamman a sahun gaba. Irin wannan zaure ya dace da lacca da jawabi. Idan aka kawo tashe ko kalankuwa cikinsa sai su zama kamar kifi a tudu, yara su jeru suna fuskantar manyan baƙi suna yin abin da aka halitta don da'ira.

Shawararmu uku ce. Ta farko, a koyar da ɗalibai tarihin wannan gini a matsayin tsari ɗaya daga cikin tsare-tsare, tare da sunan garinsu da shekararsa, a kuma fara tarihin wasan Hausa daga dandali. Ta biyu, hukumomin da ke gina zaurukan makarantu su bar wasu da daɓe shimfiɗaɗɗe da kujerun da ake iya ɗagawa, su kuma bar inuwar bishiya a harabar makaranta, domin wannan bai kai tsadar tudun siminti ba. Ta uku, marubutanmu su tambayi kansu tun kafin su ɗora alƙalami, a ina za a yi wannan wasa, kuma me za a yi idan wani ya tanka daga baya? Duk wanda ya taɓa zama cikin masu kallon fim ɗin Hausa ya san har yanzu jama'armu suna gargaɗin jarumi, suna tsine wa mugu, ko da yake sun san allo ba ya ji. Wannan ɗabi'a jari ce ga marubucin da ya san yadda zai yi amfani da ita. Da abokinmu ya sami izinin kifa mudun nan a 1990, da ɗan kasuwa ya shiga uku a gaban iyayen yara, kuma da darasin tauye mudu ya fi zama a zukatan waɗanda suka halarta.